Hular Da Na Bari A Gindin Kanya

Ina cikin ɗaure bakin buhun gero na jiyo muryarta a ƙofar gidan Ramlatu. Ban ɗaga kai ba, don na riga na san abin da zan gani: matata Zuwaira durƙushe a bakin zaure, takalmanta a gefe, mayafi ya rufe mata rabin fuska. Gida na bakwai ke nan da ta tsaya tun da aka fito sallar azahar, kuma har yanzu ba inda aka ce mata ta shigo.

"Salamu alaikum. Gobe in Allah ya kai mu muna tashi. Na zo a yahe mani abin da na yi, wanda na sani da wanda ban sani ba."

Dakan da ake yi a ciki ya tsaya. Can Ramlatu ta amsa daga tsakar gida, ba tare da ta leƙo ba: "Allah shi yahe mana baki ɗaya." Taɓarya ta ci gaba da sauka.

Ramlatun nan, lokacin da ta haifi tagwaye, Zuwaira ce ta yi sati uku tana dafa mata ruwan wanka. A da ko sallama ba ta gama yi take faɗawa gidan. Yanzu ta ajiye faifai da rariyar da ta ara tun bara a bakin zauren, ta gyara musu zama, ta sa takalmi ta nufi gida na gaba.

"Ja igiyag ga da kyau mana," in ji Yaya Barau. "Hankalinka na ina?"

Na ja har ta yanke ni a yatsa.

Tashi za mu yi. Ƙauyenmu yana bayan Runka ne, kuma tun da mutanen daji suka mai da gonakinmu hanyar wucewarsu, rabin gidajen sun zama kangaye. Wasu sun koma Batsari suna raɓe a gidajen dangi, wasu sun wuce Katsina. Mu kuma muna da Kawu Mati, ƙanin mahaifiyarmu, a wani ƙauye kusa da Ɗan Isa cikin Nijar. Ya roƙar mana fili da aron gona wurin mai garinsu, ya ce mu iso kafin ruwa ya sauka. Sati biyu ke nan muna wargaza gidan da mahaifinmu ya gina da hannunsa. Mun ɓalle kwanon rufi, mun cire ƙyamaren ɗakuna, an kai awaki kasuwa. Inna ta ƙulle irin wake da na kuɓewa a tsummoki, ta rantse ko za a bar ta a hanya ba za a bar turminta ba. Katin ɗan ƙasa da katin rigakafin 'yarmu Muhsina suna cikin leda a aljihuna, bini-bini sai na taɓa in ji suna nan.

A wurinmu ba a barin gari da haƙƙin kowa. Sai ka mai da duk wani abin aro, ka nemi yafiya, maza a masallaci, mata gida-gida. Abin da Zuwaira take yi ke nan, da zuciya ɗaya, tana roƙon gafarar mutanen da wata biyar ke nan ba su amsa gaisuwarta da cikakken baki ba.

Abin da ya hana ni ɗaga kai kuwa shi ne, ita ba za ta Nijar ba. An gama magana, a mararrabar Wagini za a sauke ta, ta tafi gidan ubanta. Kowa a gidanmu ya sani, har direban da zai kwashe mu. Ni aka bar wa faɗa mata, ga shi gobe tafiya, ban faɗa ba.

* * *

Gara in faɗi yadda abin ya faru, tunda takarda ba ta kallon mutum cikin ido.

Da kakar bara ne, dawa ta fi mutum tsayi. Ina gona tun safe ina roron wake. Da rana ta fara zafi na cire hulata na ɗora a kan saiwar kanyar da ke tsakiyar gona, na kutsa cikin dawa don in kama ruwa. Hular ba ta kasuwa ba ce. Zuwaira ce ta ɗinka mini ita da zare shuɗi da fari, wata huɗu tana yi, duk garin an san ni da ita. Ina tsugune na ji sallamarta, ta kawo mini fura. Na buɗe baki zan amsa ke nan sai na ji babura.

Duk wanda ya zauna ƙasarmu ya san kukan baburan mutanen daji. Ba sa rage wuta don rami, ba sa bin hanya. Na kwanta ruf da ciki. Tsakanina da ita bai wuce taku talatin ba, ina hango ta ta tsakanin kara. Ta waiga hagu, ta waiga dama, ta sunkuya a gindin kanya, sannan ta zauna ta juya wa inda nake baya. Babura uku ne, mutum biyar. Ɗaya ya tambaye ta ina mai gonar.

"Ya tahi hwadama yankan ciyawa," ta ce. "Ni ma ban iske shi ba."

Suka shanye furar, suka ɗora ta a kan babur, suka tafi. Ban motsa ba, ban yi ihu ba. Ko na fito ba abin da zan iya gaban bindiga, wannan kowa ya sani, ni ma na yi ta faɗa wa kaina. Da na zo gari na faɗi gaskiya, wataƙila a yi mini kallon banza na kwana biyu a manta, don maza da yawa sun gudu sun bar fiye da haka. Amma da mutane suka kewaye ni suna tambayar ina nake aka ɗauke ta, sai na ji bakina yana maimaita maganarta: ina fadama yankan ciyawa. Ƙaryar da ta fito daga bakinta ita na ara na lulluɓe kaina. Na kuma lallashi zuciyata da cewa ita ma haka ta ɗauka, ba ta san ina kusa ba. Washegari na saci jiki na koma neman hula, ban gan ta ba. Na ce a raina su suka ɗauke, masu tambaya kuma na ce musu ta faɗi a fadama. Yaya Barau ya ba ni wata tsohuwa tasa.

Kwana hamsin da biyu ta yi a hannunsu. Ubanta ya sayar da shanun huɗarsa, na sayar da babur ɗina, aka kai abin da aka kai, aka sako ta a bakin wani rafi ba takalmi. Ranar da ta dawo gari ya cika gidanmu, ana kuka ana barka. Kwana uku aka yi ana tausayinta. A na huɗu aka fara tambaya.

Waɗanda suka je gonar ranar da abin ya faru sun tarar da ƙwarya a gindin kanya, an shanye fura tas, ludayi a ciki, ko tsagewa ba ta yi ba. To wa ta kai wa furar, tunda mijinta yana fadama? Me ya sa ba ta gudu ba, ga dawa nan har ta rufe mutum? A bakin rijiya aka fara tambayar, ta shiga gidajen suna, ta fito dandali. Amsar tana bakina kullum, ina wucewa da ita ta gabansu ina gaishe su.

Mata suka shiga ƙirga mata watanni, suna kallon cikinta in ta sunkuya jan guga. Watanni suka wuce ba a ga komai ba, amma ba wadda ta zo ta ce ta yi kuskure. Da mutanen daji suka sake shigowa suka kore shanun unguwar gabas, sai aka ce lallai akwai mai ba su labari a cikin gari, aka bar maganar a nan, kowa ya ƙarasa ta a ransa. Aka daina aiko yara kitso wurinta, ita da ranar Alhamis tsakar gidanmu ba wurin taka ƙafa. A gidan suna ba a miƙa mata jariri. In ta aika wa maƙwabta tuwo, kwanon yakan dawo da wuri, a wanke, kaji kuma su yi ta shagali a bayan katanga. A cikin gidanmu ma Inna ta rataya wata tsohuwar moɗa a jikin ƙusa, nesa da randa. Ba ta ce ta wane ce ba, Zuwaira kuma ba ta tambaya ba, ta ɗauka ta ci gaba da sha da ita.

Ni kuwa sai daraja ta ƙaru. Sahabi mai haƙuri, Sahabi da ya karɓi matarsa bai ce uffan ba. Dattawa suna matsa mini wuri a tabarma. Har mahauci ya taɓa ƙara mini tsire don tausayi, kuma na ci.

Ba ta taɓa ba ni labarin daji ba, ni ma ban tambaya ba. Ɗaki ɗaya muke, tana wanke mini kaya, tana kai mini ruwan wanka, muna gaisawa kamar baƙin da mota ta haɗa.

* * *

Inna ce ta fara kawo maganar, ranar da Kawu Mati ya bugo waya ya ce a faɗa masa sunayen masu zuwa, mai gari yana so ya san waɗanda za su zauna masa a ƙasa. Tana zaune tana tsince wake ta lissafo: ita, da Yaya Barau da iyalinsa, da ni, da Muhsina. Ta tsaya a nan. Na jira ta ƙarasa, ta ci gaba da tsintar wakenta.

Inna ba muguwa ba ce, ina so a san wannan. Mace ce da ta binne miji da 'ya'ya uku, take tsoron bakin mutane fiye da yadda take tsoron bindiga. Ta ce can ba wanda ya san mu, za mu shiga da mutuncinmu. In aka tafi da Zuwaira kuwa, kafin mu kafa bukka wani ɗan kasuwar Jibiya ya kai zancen, a ce baƙin nan sun zo da mai kai wa mutanen daji labari, a tattara mu a kora, sannan mu nufi ina? Ta ce a yi tunanin Muhsina, wata rana za a zo neman aurenta a tambayi wace ce uwarta. Yaya Barau ya ce ai ba saki za a yi ba, ajiya ce. A ce mata ta je ta yi bankwana da iyayenta, in an zauna sai a zo a ɗauke ta. Mu ukun duk mun san ba za a zo ba.

"Kai mi ka gani?" Inna ta tambaye ni.

A nan ya kamata in ce furar nan ni aka kawo wa, ina kwance cikin dawa aka tafi da ita. Numfashi ɗaya ya isa a faɗe ta. Na dubi Inna, na dubi yayana wanda tun muna yara yake kirana matsoraci in na ƙi hawa kuka, na ce duk yadda suka gani. In kuma zan faɗi gaskiyar duka, wani sashe na zuciyata ya ji sanyi. Na gaji da ganinta. Duk sanda ta durƙusa ta miƙo mini ruwa da hannu biyu, sai in ji ƙasar gonar nan a bakina.

* * *

Bayan la'asar na ranar jajibirin tafiya muka miƙe a masallaci. Sahu biyu ne kawai yanzu, a da har waje ake shimfiɗa tabarmi. Yaya Barau ya fara, ya nemi yafiya aka yafe masa. Na bi baya da kalmomin da kowa ya haddace. Amsa ta tashi daga ko'ina: ba ka yi mana komai ba, mu ma ka yafe mu, Allah ya sa a sauka lafiya.

Sai Liman ya ɗaga hannu. Tsoho ne, shi ya raɗa mini suna, shi ya raɗa wa Muhsina. Ya ce yana so jama'a su yi koyi da ni. Ya ce an jarrabe ni da abin da kan hana namiji fita ƙofar gida, na daure, na rufa wa baiwar Allah asiri, ban tozarta ta ba. Duk hukuncin da na yanke a kanta yanzu, in ji shi, ba mai ganin laifina. Aka yi ta gyaɗa kai. A nan na gane ashe garin duka ya san zancen Wagini.

Wallahi na buɗe baki. Na ce, "Malam, akwai magana."

Na bi fuskokin da kallo, Tayyib mijin Ramlatu, mahauci, mai shayi, mutanen da daga gobe ba lallai in sake ganinsu ba. Ko sun raina ni, rainin kwana ɗaya ne zai same ni. Ita kuwa a ƙasar nan za ta zauna, Wagini ba nisa, duk abin da aka faɗa a masallacin nan zai riga ta isa. Na san wannan sarai, amma na kauce wa maganar. Na ce akwai galmar Tayyib a wurina, zan kai masa kafin isha'i. Aka yi dariya, aka ce Sahabi ke nan, ko allura ba ya riƙe wa mutum. Aka shafa fatiha.

* * *

Na tarar da ita a inuwar bangon ɗakinmu da ba rufi, Muhsina a tsakanin ƙafafunta, tana mata kitso. Tun safe ta fara, ta katse don zagayen gidaje, yanzu ta dawo kai. Yarinyar shekararta huɗu, ba ta zama wuri ɗaya, amma ranar an damƙa mata ƙuli-ƙuli ta yi lamo. Na zauna a kan turmin Inna ina neman ta inda zan fara. Ina kallon hannunta sai na lura da irin kitson. Kullum manya take mata, guda shida ko takwas, a tsefe ranar Juma'a a sake. Wannan kuwa ƙanana ne ƙwarai, sirara, a matse, layi na bin layi.

Na ce wannan kitso ai ya yi wa yarinya yawa.

"Shi ya hi daɗewa," ta ce, ba ta dube ni ba. "Ya yi wata biyu in ba a jiƙa shi ba. Inna hannunta na rawa, matar Yaya kau nata sun ishe ta."

Ashe ta sani.

Ta ci gaba a hankali, kamar mai ba da sallahu. Yarinyar ba ta shan kunu da zafi sai an fifita. Tana tsoron jaki. In ta yi shiru da yawa a taɓa wuyanta, zazzaɓinta ba ya zuwa da kuka. Kayanta suna cikin shuɗiyar jaka, an ware na sanyi a ƙasa. Duk wannan bayani ba ta ambaci sunanta ba, don 'yar fari ce, tun da aka haife ta "yarinyar nan" take ce mata, ko "ke". Na kai ido ƙofar ɗaki na ga ƙullin kayanta shi kaɗai a gefe, ba a haɗa shi da namu ba, moɗar nan a ɗaure a bakinsa.

Na tambaye ta wa ya faɗa mata. Ta ce ba kowa, tun da aka cire ƙyamaren ɗakuna ana jin komai daga madafa. Na ce in mun zauna zan dawo in ɗauke ta. Ta ce to, irin wanda ake ce wa yaro in ya ce zai saya maka mota.

Ta ƙarasa layin da take kai, ta goge man da ke hannunta a zane, ta juyo ta durƙusa a gabana kamar yadda ta yi a ƙofar gidajen mutane.

"Saura kai, Malam. Ka yahe mani."

Na ce ba ta yi mini komai ba. Na ce ni ma ta yafe mini, abin da ta sani da wanda ba ta sani ba.

"Wanda ban sani ba na yahe," ta ce. "Wanda na sani, ina jira ka hwaɗe shi da bakinka. Ba sai gaban mutane ba. Ni kaɗai ma ya isa."

Na ɗauka maganar Wagini take nufi, ko kuma in ce na zaɓi in ɗauka haka. Na shiga bayani, ai ta san halin Inna, ta san yadda gari yake, ba yadda zan yi. Ta saurare ni har na gama. Sannan ta koma ta zauna, ta jawo kan yarinyar, ta tsaga wani layin da kibiya. Aka kira magariba, na miƙe da sauri kamar wanda aka ceta, na saɓi galmar Tayyib na fita.

* * *

Motar a-kori-kura ta zo da hantsi, lokacin da aka ce hanya ta fi dama-dama. Aka loda kwanon rufi da buhuna da tabarmi, aka ɗaure turmi a sama. Inna ta shiga gaba kusa da direba, sauranmu muka hau baya. Mutanen gari sun fito rakiya. Ramlatu ta rungume matar Yaya tana kuka da majina. Zuwaira ta hau ta ɗaya gefen, ta zauna a kan ƙullinta, Muhsina a cinya.

Ba mai magana a hanya, kowa idonsa yana kan daji. Gonaki ne hagu da dama, ga damina ta ƙarato amma ba wanda ya yi shara. Muka wuce ta gefen tawa. Kanyar tana nan, na kau da kai.

A mararraba direba ya taka birki ba tare da an ce masa ba. Akwai 'yan acaba biyu a gindin bishiya suna jiran fasinja. Zuwaira ta ɗaga yarinyar ta ɗora mini a cinya, ta sauka, Yaya ya miƙa mata ƙullinta. Ta zagaya ta durƙusa wa Inna ta wajen taga. Inna ta ce a gai da mutan gida, idonta a kan hanya. Ta dawo ta miƙo mini jakar guzuri, ta ce akwai ƙuli-ƙuli da dakuwa, in yarinya ta yi kuka a ba ta, akwai kuma wani abu nawa a ƙasa.

Yarinyar ta fara gane abin da ake ciki, ta miƙa hannu ta tsakanin ƙarafan mota. Zuwaira ta kama ɗan hannun.

"Muhsina," ta ce.

Shekara huɗu ban taɓa jin sunan nan a bakinta ba. Yarinyar ma ta yi sak tana kallonta, kamar baƙuwa ce ta kira ta. Matar Yaya ta ja mayafi ta rufe fuska.

"Muhsina. Ki riƙa jin magana."

Mota ta ja, hannun ya zame, kuka ya tashi. Na buɗe jaka ina laluben ƙuli-ƙuli, yatsuna suka taɓa wani abu mai laushi a ƙasa, a naɗe cikin ɗankwali. Na warware. Hulata ce, shuɗi da fari, an wanke ta an ninke. Gefe ɗaya ya dafe, irin dafewar abin da ya daɗe a jikin mutum yana shan gumi.

Sai gonar ta dawo mini duka. Sunkuyon da ta yi a gindin kanya, hular ta ɗauke ta cusa a ƙugun zane, don in sun gan ta za su san akwai namiji kusa, su shiga nema. Juya mini bayan da ta yi kuwa, don kada idonta ya nuna musu inda nake ne. Ba ta gudu ba saboda wurin ɓuya ɗaya ne a gonar, cikin dawa, inda nake kwance. Ta san ina nan. Kwana hamsin da biyu tana ɓoye da ita a daji, wata biyar a ƙasan akwatinta, taku biyu daga inda nake kwana. Ranar da aka fara tambayar wa ta kai wa fura, da ta fito da ita ta ajiye a bakin rijiya, da magana ta ƙare. Ba ta fito da ita ba, tana jiran in faɗa da bakina.

Na waiga. Tana tsaye a mararraba, ba ta nufi 'yan acaba ba, ƙulli a ka, moɗa tana lilo a gefensa. Ba mu yi nisa ba tukuna. Bugu ɗaya a kan rufin mota, direba zai tsaya. Na ɗaga hannu.

"Lahiya?" in ji Yaya Barau. Sai idonsa ya faɗa kan hular. "A'a, ba wagga ce ka ce ta hwaɗi a hwadama ba?"

Hannuna yana sama. Matarsa tana kallona, 'ya'yansa suna kallona, ta madubin gefe ina ganin rabin fuskar Inna.

"A cikin kaya na gan ta," na ce.

"To cire tsumman ga ka sa abinka."

Na sauke hannun na kama ƙarfe, kamar dama abin da na ɗaga shi in yi ke nan. Hanya ta karya kwana, sabara ta rufe mararraba. Muhsina ta yi kuka har ta gaji, ta kwantar da kai a ƙirjina, ƙananan kitson nan suna sukar haɓata. Na cire tsohuwar hular Yaya na sa tawa. Ta zauna mini daidai, tana ƙanshin sabulun Zuwaira, muka miƙi hanyar Jibiya.